RAID ɗin kan bod ya ɓace bayan an ɗauke wuta, kuma kwamfutar na yi mata obakulok, me zan yi?

Editan_Rikkos:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min da shawara, wlh hankalina a tashe yake don aikin mutane ne a ciki ba nawa ba.

Ina da ɗan shago a nan Jos wajen Bauchi Road, bidiyon biki da walima da saukar karatu nake yi, ni ke ɗauka ni ke editin. Kwamfutar haɗawa aka yi, furosesa Ryzen 5 5600X a kan bod (babban allon da komai ke jone a kai) B550, RAM 32GB, Windows yana kan NVMe (ƙaramin diski mai sauri) shi kaɗai, sai diski biyu masu 4TB kowanne da na haɗa su RAID 1 (su zama diski ɗaya, D, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan) ta cikin BIOS, shafin saitin bod, wato RAID ɗin da ke zuwa da bod ɗin ba kati na saya daban ba. A nan nake juye duk abin da na ɗauko daga kyamara, tunanina in ɗaya ya mutu ɗayan na nan.

To da yake renda, wato fitar da bidiyo bayan editin, na cin min lokaci sosai sai na ɗan ƙara wa na'urar gudu fiye da saitin kamfani, wato obakulok. RAM ɗin 3600 aka rubuta a jikinsa na kai shi 3800, BCLK, agogon tushe na bod, na ɗaga daga 100 zuwa 103, Curve Optimizer mai rage wa furosesa wuta kuma na sa masa negatib 20 a duka. Gwajin furosesa na Cinebench ya wuce lafiya, gem ma ina bugawa da daddare ba ta tsayawa.

Tun daga lokacin abubuwa suka fara. Haka kawai ina cikin aiki RAIDXpert2, manhajar kula da RAID ɗin, zai nuna min Critical wai diski ɗaya ya fita, in na kashe na kunna sai ya dawo ya kama sake gini, wato sake kwafe komai daga ɗayan diskin, kwana guda cur yana yi, kuma ba diski ɗaya ne kullum ke fita ba, yau wannan gobe wancan. Sannan akwai wasu bidiyoyi da na san lafiyarsu ƙalau a katin kyamara amma in na buɗe su daga D sai ka ga kore-kore ya watsu a fuskar amarya na ɗan sakan ɗaya ya wuce, wani fayil ɗin ma Premiere ƙin karɓarsa yake.

Babbar ita ce ta jiya. Ina tsakiyar renda aka ɗauke wuta, batirin UPS ɗina ya yi sanyi bai riƙe ba. Da aka kawo na kunna sai baƙin allo ya ce obakulok ya gaza in danna F1, na shiga na mayar da saitin kamfani na adana. Windows ya tashi lafiya amma D babu shi sam. Na duba Disk Management na ga diskin biyu a rabe, yana ce min in yi Initialize. Ban danna komai ba tukuna. Akwai biki biyu a ciki da ban ba masu su ba, ɗaya katin ma na riga na goge na yi wani aikin da shi.

Wani mai sayar da kayan kwamfuta ya ce min diskin ne suka gaji, in sayi uku sababbi in yi RAID 5 ya fi ƙarfi. Gaskiya ne? Kuma aikin nan zai dawo kuwa?

MaiGyara_Terminus:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafin komai KAR ka danna Initialize ɗin nan, kar ka yi fomat, kar kuma ka shiga BIOS ka ce za ka sake Create Array. Rufe tagar kawai ka kashe kwamfutar.

Aikinka na nan in sha Allah. Da ka mayar da saitin kamfani, SATA Mode ya koma AHCI, wato kowane diski shi kaɗai ba RAID, don a haka bod ke fitowa daga kwali, shi ya sa Windows ke kallon diskin kamar bai taɓa ganinsu ba. Koma BIOS ka nemi SATA Mode ka mayar da shi RAID, shi kaɗai za ka taɓa, XMP, saitin da ke ɗaga gudun RAM, ka bar shi a kashe, BCLK a 100, Curve Optimizer a kashe. Ka adana ka tashi Windows, D zai dawo, wataƙila da Critical a kansa. In ya dawo kar ka tsaya jiran sake gini, nemo diskin waje ko aro ne ka fara kwashe bikin nan biyu, sannan sauran. Kuma ka yi kwashewar a kan jen ko inbata da ka yarda da shi.

Ka duba batirin bod ɗin ma, ɗan zagayen nan CR2032, in ya mutu duk sanda aka zare wuta saitin zai iya sake gogewa ka dawo gidan jiya. Ana samunsa a ko'ina a Terminus, ko masu gyaran agogo suna da shi.

Injiniya_Kubwa:

Abin da MaiGyara ya faɗa shi ne farko, ka yi shi kafin ka karanta nawa ma. Ni zan yi magana ne a kan me ya sa abin ke faruwa, don in ba ka gane shi ba ko diski goma ka saya haka za ka ci gaba da gani.

Da farko RAID ɗin kan bod ba wata na'ura ba ce mai zaman kanta. Katin RAID na gaske irin na manyan kwamfutocin saba (server) yana da nasa furosesa da nasa memori da batirin da zai riƙe abin da bai gama rubutawa ba in wuta ta tafi. Na kan bod ba shi da ko ɗaya. Ɗan shiri ne a cikin BIOS da zai gane cewa diskin nan biyu tare suke, da Windows ya tashi sai direba ya karɓa, kuma duk aikin furosesarka da RAM ɗinka ne ke yinsa, waɗanda kai kuma su ka tura fiye da inda aka gwada su. Haka yake a AMD haka yake a Intel RST. Ka ga ke nan amincin RAID ɗinka ba zai taɓa wuce amincin obakulok ɗinka ba.

Fitar da diski ke yi ni BCLK nake zargi kai tsaye. Wannan 100MHz ɗin shi ne agogon da kusan komai a bod yake lissafi da shi, kuma a galibin bod ɗin AM4 in ka ɗaga shi ba furosesa kaɗai ka ɗaga ba, layin PCIe ya tashi, cifset ɗin B550 da ke rataye a kan layin ya tashi, ramukan SATA kuma daga cifset ɗin suke fitowa. SATA ba ya son wasa da agogo ko kaɗan, akwai bod ɗin da 102 ma ya isa diski ya fara ɓacewa. Sai sigina ta ɗan kauce, diski ya yi jinkirin amsawa, direban RAID ya ce wannan ya mutu ya fitar da shi alhali lafiyarsa lau. Kuma kai da kanka ka kawo hujjar, ka ce ba ɗaya ne kullum ke fita ba. Diskin da ya lalace shi ne zai riƙa fita kullum, ba za su riƙa karɓa-karɓa ba.

Kuma ka lura BCLK ninkawa yake da sauran saitin. RAM ɗin da ka sa 3800, a 103 ya zama 3914. In FCLK ɗinka, agogon layin cikin furosesa da ke tafiya tare da RAM, 1900 ne ya zama 1957. Abin da AMD ta rubuta wa 5600X a hukumance 3200 ne, ko 3600 ɗin XMP ma obakulok ne duk da yawanci yana zama lafiya, 3800 bakin iyaka ne ga da yawa daga cikinsu, kai kuma ka haura. Me ka samu a ciki? Kashi 3 cikin ɗari. Rendar awa ɗaya ko minti biyu ba ka rage ba, amma sake ginin 4TB a gudun irin diskin nan, ka ce 150MB a sakan, ya haura awa 7 ko da ba ka taɓa kwamfutar ba, kuma duk tsawon lokacin kwafi ɗaya tak kake da shi.

Maganar kore-koren nan ita ta fi damuna gaskiya, ta fi ɓacewar D muni nesa ba kusa ba, don D zai dawo. Duk fayil ɗin da ka juye daga kati sai ya bi ta RAM kafin ya sauka a diski. In RAM ya juya bit ɗaya a hanya, 0 ya koma 1, babu mai faɗa maka, Windows zai ce an gama kwafi lafiya. RAID 1 kuma aikinsa ya rubuta abin da aka miƙa masa sau biyu, kamar littafin rasit mai kabon ne, in ka rubuta kuɗi ba daidai ba a sama haka zai fito a ƙasa. Ba ya ajiye wani lissafin tantancewa da zai gane cewa abin ya gurɓace. Bidiyo kuma matsattse ne, hoto ɗaya ya dogara da na bayansa, shi ya sa ɗan kuskure ke watsuwa ya ci sakan guda, in kuma ya faɗa a kan ɓangaren da ke riƙe da tsarin fayil ɗin sai ya ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Cinebench da gem ba gwaji ba ne a nan. Gem in bit ya juya ɗigo ɗaya ne zai canza launi ba za ka ma gani ba. Sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filash ka bar shi ya kwana, sannan TestMem5 ko OCCT a cikin Windows. Ka buɗe Event Viewer ka nemi WHEA-Logger, inda Windows ke rubuta kurakuran na'ura, in ka ga lamba 19 da yawa FCLK ne ke kuka, 18 kuma sau da yawa Curve Optimizer ne ya yi yawa, shi wannan ma ya fi nuna halinsa lokacin da kwamfuta ba ta aiki mai nauyi, irin lokacin kwafin fayil ɗin nan dai. Ga kuma yanayi, ku a Jos sanyin Disamba da Janairu na rufa wa obakulok asiri, da an shiga Maris da Afrilu ga ƙurar hunturu ta cika fanka ga katin hoto na hura wa RAM zafi lokacin renda, saitin da ya wuce gwaji a sanyi sai ya fara kuskure. Mu a Abuja tun farko muke ganin namu.

RAID 5 kuwa ka manta da shi. Bod ɗin B550 ma 0 da 1 da 10 kawai yake yi. Ko da a ce yana yi, RAID 5 sai ya rubuta bayani ya kuma rubuta lissafinsa a wani diskin, in wuta ta tafi a tsakanin biyun sai su saɓa, ba za ka sani ba sai ran da diski ya mutu aka zo sake gini da lissafin da ba daidai ba. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, ba tare da kati mai batiri ba, ban ba kowa wannan shawarar.

Baban_Sadiq_Wuse:

Injiniya ka yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ina ganin an ɗan yi wa RAID ɗin bod rashin adalci, kar yaron nan ya tafi da tunanin cewa shi ne ya ci masa aiki. Ni tun zamanin i7-2600K nake RAID 1 a kan Intel, furosesar kuma a ɗage take shekara da shekaru, ban taɓa rasa fayil ba. Bambancin shi ne ni maltifulaya, lambar da ke ninka gudun furosesa ita kaɗai, kawai nake taɓawa, agogon tushe ban taɓa matsa shi daga 100 ba. Waɗanda suka yi zamanin Sandy Bridge a 2011 sun sani, a lokacin an ɗaure komai a kan BCLK ɗin, da ka wuce 105 ko kusa da haka sai USB da SATA su fara hauka, shi ya sa kowa ya koma sayen furosesa masu K, waɗanda ake iya ɗaga musu maltifulaya. Sai a Skylake a 2015 Intel ta raba agogon PCIe da na furosesa. Tun kafin nan ma a zamanin Pentium 4 da Athlon XP duk mai obakulok abin da yake fara tambaya shi ne ko bod na kulle PCI a 33MHz, saboda wannan matsalar dai ta gurɓacewar diski. Tsohuwar cuta ce, yaran yanzu ne ba su same ta ba.

Kuma ƙanina kar ka tsaya a kan obakulok kaɗai, duba abubuwan banza ɗin nan da ba a kulawa da su. Kebul ɗin SATA, in mara maƙalli ne canza shi. In ka ja wutar diskin biyu daga waya ɗaya ta hanyar 'yar rabawar nan mai arha, cire ta ka ba kowanne nasa daga fawa sufulai. Shi kansa fawa sufulai ɗin wane iri ne? Obakulok na ƙara jan wuta, ga katin hoto na ja lokacin renda, in 12V ya ɗan faɗi diski mai juyawa shi ke fara ji. In ka gama kwashe aikinka ka jona diskin ɗaya-ɗaya a AHCI ko a wata kwamfutar ka duba su da CrystalDiskInfo, don a bayan RAID ba kullum ake ganin SMART, rahoton lafiyar diski, ba. A cikin rahoton, layin C7 in yana hawa kebul ne ko sigina, ba diski ba. 05 da C5 su ne in ba sifili ba sai ka fara shirin sayen sabo.

Wani abu kuma, duba lambar modal ɗin diskin a intanet ka ga ko SMR ne, irin diskin da ke rubuta layi a kan gefen layi. Da yawa daga masu 4TB na kasuwa masu sauƙin kuɗi SMR ne, in aka daɗe ana rubuta musu ba hutawa sai gudunsu ya faɗi warwas, RAID ya ɗauka sun mutu. An yi rigima babba a kan wannan a 2020 lokacin da aka gano wasu WD Red masu 2TB zuwa 6TB SMR ne ba a bayyana ba, daga nan ne kamfanin ya ware Red Plus a matsayin CMR, wato wanda ba SMR ba. Sannan diskin da aka yi don RAID in ya ci karo da wurin da ya kasa karantawa yakan haƙura a cikin kamar sakan 7 ya ba da rahoto, na gida kuwa zai iya daɗewa yana ta gwadawa har a fitar da shi.

Inda na yarda da Injiniya ɗari bisa ɗari shi ne RAM. Wannan kam ba musu.

Editan_Rikkos:

Alhamdulillah, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Oga MaiGyara na yi yadda ka ce, SATA Mode kaɗai na mayar RAID, D ya dawo da Critical a kansa, na aro diskin waje a wajen wani abokin aikina a Farin Gada na kwashe bikin biyu da sauran ayyukan da ban miƙa ba. Wlh sai yanzu na iya cin abinci.

Bayan na gama na zare diskin biyu gaba ɗaya na mayar da tsohon saitin don in gani da idona, MemTest86 bai yi nisa ba ja ya fara fitowa. A saitin kamfani kuma ya kwana babu ko ɗaya. WHEA 19 ma na same su jere a Event Viewer. Baba na duba SMART ɗin, 05 da C5 sifili ne a duka biyun, C7 ne ke da lamba a duka, kuma eh wayar rabawa ce ke ba su wuta, zan cire.

Yanzu tambayata biyu. A bikin da na goge katinsa akwai fayil uku masu kore-koren nan, ɗaya a wajen kamu ne, akwai yadda za a gyara? Sannan in ci gaba da RAID 1 ɗin a saitin kamfani ko in rushe shi? Ba ni da kuɗin sayen NAS, akwatin ajiyar fayil na daban, yanzu gaskiya, ga kuɗin mai.

Yar_Gwarinpa_IT:

Malam barka da arziki. Ni aikina kula da saba ne a wani ofis a nan Abuja, bari in amsa maka ta biyun.

In ni ce zan rushe shi. Ba don RAID 1 ba shi da amfani ba, Baban Sadiq ya yi gaskiya yana aiki in an bar shi a yadda aka gwada shi, sai don abin da yake karewa ba shi ne babban haɗarinka ba. Abu ɗaya tak yake yi, in diski ya mutu ka ci gaba da aiki ba tsayawa. Wannan bukatar banki ce ko asibiti. Kai in ka tsaya rabin yini ba abin da zai faru, amma in yaron shago ya goge folda bisa kuskure, ko bairos mai kulle fayil ya shigo ta filash ɗin kwastoma, ko tsawa ta bi waya, ku da damina a Jos kun san tsawa, ko aka fasa shagon aka ɗauke kwamfutar, duka kwafin biyu tare za su tafi a lokaci ɗaya don a akwati ɗaya suke kan wuta ɗaya. Ga shi kuma ka ɗaure kanka da irin bod ɗin, in ya ƙone sai ka nemo wani na AMD ko ka koma manhajar ceto fayil kafin ka ga aikinka. Na Intel ya ɗan fi sauƙi a nan don mdadm na Linux na karanta shi.

Da diskin nan biyu da kake da su, mayar da SATA zuwa AHCI ka yi musu fomat kowanne da kansa, bayan ka tabbatar komai na diskin waje kuma ka buɗe ka gani ba wai ka ga sunan fayil kawai ba. Ɗaya ya zauna a ciki na aiki. Ɗayan ka saya masa gida na USB ya zama na waje, kullum in za ka tashi ka jona shi ka sa FreeFileSync ya kwafe sababbi, kyauta ne, ka saita shi ya riƙa ajiye abin da aka goge a wata folda maimakon ya share, ka zare ka tafi da shi gida. Diski na NTFS zalla ko wace kwamfuta ka jona shi za ta karanta, ba direba ba BIOS. Katin kyamara kuma ka mayar da ita doka, ba a goge shi sai aikin ya zauna a wuri biyu. Lokacin juyewa ka yi amfani da abin da ke tantance kwafi kamar TeraCopy, zai sake karanta abin da ya rubuta ya gwada da na katin, da kana yin haka da tun ranar farko ka kama matsalar RAM ɗin nan.

In gudu kake nema na editin, bod ɗinka in yana da ramin M.2 na biyu sa masa NVMe ka riƙa aiki a kai. Diski mai juyawa da ƙyar yake wuce 200MB a sakan, NVMe ko na Gen3 yana kai 3,000 da wani abu. Wannan za ka ji shi a hannunka wajen jan taimlayin, BCLK 103 ba za ka taɓa ji ba.

Ran da kuɗi suka samu ba sai NAS na kwali ba, tsohuwar kwamfutar ofis ka sa mata TrueNAS ta isa. Yana amfani da ZFS, shi kowane guntun bayani yana ajiye masa lissafin tantancewa, in kwafi ɗaya ya gurɓace a kan diski ya san wanne ne mai kyau ya gyara ɗayan da shi, abin da RAID ɗin bod ba ya iyawa. Amma ko shi in kwamfutar editin ta aiko masa da gurɓataccen fayil haka zai karɓa ya adana, don haka gyaran RAM ɗin ba makawa. Kuma don Allah canza batirin UPS ɗin nan kafin NVMe ma.

Injiniya_Kubwa:

Shawarar Hajiya na bi ta duka. A kan saiti, BCLK 100 ka bar shi har abada, Curve Optimizer a kashe tunda na'urar neman abinci ce. XMP 3600 za ka iya gwadawa shi kaɗai da FCLK 1800, in ya kwana a MemTest86 da TestMem5 babu ja kuma WHEA shiru to ka bar shi, ka sake gwadawa in zafi ya shigo. Ko ɗaya ya nuna ka sauko 3200. In ka gama ka adana saitin a matsayin furofayil a BIOS ka kuma ɗauki hotonsa a waya. Windows ɗin ma ya daɗe yana rubutu ta cikin wannan RAM ɗin, ka yi sfc /scannow, in da hali ma ka sake sa shi sabo in ka miƙa ayyukan nan.

Fayil ukun kuma, kar ka rushe RAID ɗin tukuna. Akwai yiwuwar kwafin da ke diskin biyu ba iri ɗaya ba ne tunda sun sha fita da dawowa, kuma wani kuskuren a wajen karantawa yake faruwa ba a wajen rubutawa ba, don haka ka fara buɗe su yanzu a saitin kamfani ka gani ko koren na nan a daidai wurin da yake. In ya tafi shi ke nan. In yana nan ka kai diskin wajen wanda ya iya ya duba kowanne daban ba tare da ya rubuta komai a kai ba. Katin da ka goge ma ka daina ɗauka da shi daga yanzu ka gwada PhotoRec a kai, in sabon aikin bai cika shi ba wani lokacin ana samun tsofaffin. In duk ba a dace ba abin da ya gurɓace ba ya dawowa, sai dai ka sake matse fayil ɗin da HandBrake ko ffmpeg don Premiere ya karɓa, ka yanke sakan ɗin ka rufe wurin da hoton kyamara ta biyu in akwai, ko ka tambayi dangin amarya bidiyon da suka ɗauka a waya a wajen kamun, da wuya a rasa.

MaiGyara_Terminus:

In ba ka da inda za ka jona su daban ka kawo su gobe bayan azahar, ina da na'urar da ke hana rubutu a kan diski. Ka sa wa kowanne alama da ramin SATA ɗin da ka ciro shi, ka naɗe su a tawul kar su bugu a keke, ka taho da katin ma.